Kifin Ƙaro na Rafi'u Fannan

"Wallahi kafin shekarar nan ta fita sai hotona ya tsaya a bakin tafkin Arba'in, duk wanda ya wuce ya ɗaga kai ya dube ni!"

Haka Rafi'u ya faɗa mana a shagon shayin Abdulghaffar da ke unguwar Ruwais a Jidda, yana dukan ƙirji har shayin ya fallatso masa a jallabiya. Abokina, in ba ka san Rafi'u ba, bari in kwatanta maka shi. Gajere ne, tumbi na gaba yana biye, da wata jar hula da ba ta rabuwa da ƙeyarsa. Bahaushen Sudan ne, sana'arsa sayar da ƙaro da turaren wuta a wani ɗan shago a Sharafiyya. Wata rana ya shafa wa ƙofar shagon fenti kala-kala, wani mai wucewa ya ce masa, "Mashallah, fannan!" wato gwanin zane. Halas! Tun daga ranar kai ya kumbura. Ka kira shi Rafi'u zalla, sai ya yi kamar da bango kake magana.

Abin da ya kawo wannan cika baki kuwa, maganar Zakiya ce, 'yar ƙanwarsa, haifaffiyar Jidda, malamar zane a makarantar 'yan mata. Akwai wani lungu a bakin tafkin inda marigayi mahaifinta yake ɗaure kwalekwalensa. Wurin ya zama juji, robobi da ledoji da gwangwanaye ko'ina. Zakiya ta tara mutanen unguwa, duk Asabar da safe ana kwashe shara, har ta dasa 'ya'yan itacen shura, wanda ke tsirowa a cikin ruwan gishiri. Tsuntsaye suka fara dawowa. Ana cikin haka wani ɗan kasuwa ya nemi a ba shi lungun ya malala siminti, ya yi wurin ajiye motoci. Aka ce wani kwamiti zai zo ya gani da idonsa. In ya gamsu, a bar wa unguwa wurin. In bai gamsu ba, siminti ya hau kan shukar Zakiya.

Sharar da aka kwashe duka tana cikin buhuna a saman rufin gidan Rafi'u, don shi ya yi tayin ajiyewa. Niyyar Zakiya a jera buhunan a gaban kwamiti, a ga yawan abin da aka fitar daga ruwa.

"Buhunan shara za ki nuna wa manya?" in ji Rafi'u, ya riƙe baki. "Haba Zakiya, kina da kawu fannan? Kifi zan gina da robobin nan, irin jan kifin nan najil, wanda ya fi motar bas. Mu sa shi a ruwa ya yi iyo."

"Khali, don Allah ban da ruwa," ta ce wa kawun nata. "Wahalar da muka sha kafin mu fitar da su, kai ba ka nan. In za ka yi, a tudu."

"Tayyib, a tudu. Amma za ki yi nadama."

"Da me za ka manne su?"

Nan fa gogan naka ya gyara zama. "Gam ɗin kanti guba ne, yana kashe kifi. Ni da ƙaro zan yi, ƙaron Kordofan, daga bishiya zuwa hannuna. Ko kifi ya lasa, lafiya ce."

A gaskiya maganar ta yi daɗin ji, har Abdulghaffar ya ƙara masa shayi. Matar Rafi'u, A'i, ce kaɗai ta tsaya tana kallonsa da ya sa ta dafa ƙaro a tukunyar da take abincin biki, ta kira shi da alkunyarsa.

"Abu Nasir, ba wannan ƙaron nake jiƙa maka ba in ƙodarka ta motsa? Ba kai kake gaya wa masu saye su zuba a ruwa, kafin safe ya narke tas ba?"

"Wancan ruwan famfo ne. Ruwan gishiri daban yake, ƙara masa ƙarfi yake yi. Ke ki tsaya a kan tukunya, ki bar wa masu fanni fanninsu."

"To, Allah ya ba da sa'a," in ji A'i, ta ci gaba da juyawa.

Injiniyan robobi ya duƙufa. Ya jera robobi, ya lulluɓe da kwali da tsofaffin jaridu, ya kwarara ƙaro, ya sake jerawa. Murafen gwangwani suka zama ɓawon kifi, tsofaffin silifa suka zama haƙora. Don Allah ban taɓa ganin najil mai haƙoran silifa ba, amma da na faɗa, sai ya ce idona bai waye ba. Kifi ya tashi, ƙato, ja wur, yana ƙyalli a rana. Rafi'u ya riƙa hawo da mutane ɗaya bayan ɗaya su gani, kowa sai ya ce mashallah kafin a bar shi ya sauka.

Ranar zuwan kwamiti, da sassafe, aka zo saukar da kifi. Sai ga shi ƙofar bene ko kansa ba ta ɗauka.

"Ya shekh, ba ka auna ƙofa ba?" in ji Abdulghaffar.

"Fannan ba ya auna ƙofa. A kawo igiya!"

Muka ɗaura igiya, muka zuro shi ta gefen gini. A tsakiyar hanya bakinsa ya daki na'urar sanyaya ɗakin maƙwabci, muƙamuƙi ya karkace, kifi ya zama kamar mai ciwon haƙori. Rafi'u ya leƙo daga sama ya ce ai ya fi kyau haka, yanzu ne ya nuna baƙin cikin teku.

Ka san danshin Jidda, wanda ko gishiri ka bari a buɗe sai ya yi kuka. Ranar kuwa iska ta yi nauyi tun asuba. Ƙaro ya fara sakin jiki, ya yi danƙo. Kafin mu ɗora shi a bayan dabbab, wato ƙaramar motar ɗaukar kaya, hannayenmu duk sun manne. A hanya duk abin da iska ta ɗauko sai ya liƙe: gashin tattabara, ganye, takardar shawarma. Wata mage ta yi tsalle ta hau wutsiya, da ƙyar aka ɓamɓare ta, ta bar rabin gashinta a can. Ƙudajen unguwa kuwa suka yi mana rakiya har bakin ruwa.

Zakiya na ganin mu ta dafe ƙirji. "Khali, menene wannan?"

"Fanni ne, 'yata. Ki ja baya kada ki taɓa."

Aka sauke kifi a kan wani faifan katako mai ƙananan tayoyi, a tudu kamar yadda aka yi alkawari. Sai dai Rafi'u ya zaɓi daidai inda ƙasa ta gangara zuwa ruwa, wai don hoto ya fito da kyau. Aka tokare taya da dutse. Mutanen unguwa suka taru, mata da maza da tsofaffi. Motar kwamiti ta iso, shugabansu wani dogo mai suna Ustaz Meshari ya fito da farar riga tas. Zakiya ta matsa za ta fara bayani a kan shura, sai muka ji murya daga sama.

"Bismillah! Ya jama'a, ku saurari fannan!"

Ashe Sarkin Ƙaro ya haye gadon bayan kifi, ya zauna daram, ƙafa ɗaya nan ɗaya can. Ya yi jawabi da Larabci, ya yi da Hausa, ya gode wa kansa, ya gode wa bishiyoyin Kordofan. Da ya gama, ya yunƙura zai miƙe ya karɓi tafi. Bai miƙu ba. Ya sake yunƙurawa, jallabiya ta ce ba inda za ta je. Ya murmusa wa Ustaz Meshari, ya juya ya yi wa matarsa raɗa mai ƙarfi.

"A'i! Na manne!"

"Ka ce me?"

"Na ce na manne, ki zo ki ja ni!"

"A gaban manya? Ai fanni ne, Abu Nasir, ka ce kada a taɓa."

Sai ya shiga jijjiga, ya yi gaba, ya yi baya, tumbi na taya shi. Dutsen da ya tokare taya ya goce. Abokina, ina tsaye ina kallo, kifi ya ɗauki mai shi suka gangara, suka faɗa tafkin Arba'in fanjam!

Abin mamaki, bai nutse ba. Ya tashi a kan ruwa yana lilo, yana matsawa gaba a hankali. Rafi'u ya gyara jar hula, tsoro ya sake shi, baki ya dawo.

"Kun gani? Da ma haka na tsara! Ina mai cewa ƙaro zai narke? A'i, kina ina?"

"Ga ni nan, ina kallo," in ji A'i.

Wutsiya ce ta fara sallama. Ta rabu da jiki a natse, ta yi nata wuri. Sai haƙoran silifa suka bi ruwa ɗaya bayan ɗaya. Cikin kifi ya buɗe, robobi suka yi ta ɓulɓulowa, duk abin da unguwa ta sha rana ta kwashe ya koma inda ya fito. Daga ƙarshe gadon baya ya lotsa, fannan ya zurma.

"Ilhaguni! Ku cece ni! Ban iya ruwa ba! A'i, ki yafe mini!"

"Ya shekh, miƙe tsaye!" Abdulghaffar ya daka masa tsawa.

Ya miƙe. Ruwan ko cibiyarsa bai rufe ba. Wani kwali ya liƙe masa a baya, sai ga hankaka ya sauko ya zauna a kan jar hula, yana tsattsagar takardar shawarma.

Mun yi dariya har hawaye, amma dariyar ba ta daɗe ba. Iska ta juya, ta kwashi robobin nan tana tura su kai tsaye cikin shukar shura. Na dubi Zakiya, na ga idanunta sun cika. Wallahi ta ba ni tausayi, don duk mun ɗauka wurin mahaifinta ya tafi ke nan. Ta tattare abaya, ta ɗauki buhu, ta shiga ruwa. A'i ta bi ta. Abdulghaffar ya jefar da takalmi ya ce, "Yalla ya jama'a!" Kafin ka ce me, unguwa duka tana cikin tafki, har tsofaffin da ke cewa gwiwa ta hana su zuwa masallaci da ƙafa. Aka yi layi a gaban shukar, ana tare robobi ana miƙawa tudu.

Ustaz Meshari ya tsaya yana kallo. Can sai ya cire takalminsa, ya naɗe farar rigar nan, ya shigo ya karɓi buhu. Da aka gama, ya dubi shura, ya dubi mutane jiƙe sharkaf, ya ce wa Zakiya, "Wurin da ke da masu shi haka ba ya bukatar siminti. Ku ci gaba. Sharaɗi ɗaya ne: wancan bawan Allah kada ya sake kawo muku taimako."

Aka yi guɗa, aka yi kabbara. Rafi'u ya fito yana ɗiga, ya ce ai ba don kifinsa ya narke ba da kwamiti bai ga haɗin kan unguwa ba, saboda haka shi ya ceci tafki. A'i ta miƙa masa tawul.

Bayan 'yan makonni aka ba Zakiya izinin yin zane a katangar da ke bakin wurin. Ta zana tsuntsaye, ta zana shura, ta zana kwalekwalen mahaifinta. A tsakiya kuma ta zana wani gajere mai tumbi, tsaye a ruwa, robobi kewaye da shi, hankaka a kan jar hularsa. A ƙasa ta rubuta da Larabci da Hausa: Kada ka mayar da shara cikin ruwa.

Rafi'u ya ja ni muka je, yana huci.

"Dubi wannan cin mutunci! Ko kama ba mu yi ba. Wa zai ce ni ne?"

Yana rufe baki wani dattijo ya zo wucewa da robar ruwa a hannu. Ya ɗaga kai ya dubi katanga, ya sauke ya dubi Rafi'u, ya sake duban katanga. Sai ya shanye sauran ruwan, ya miƙa masa robar cikin ladabi.

"Tafaddal, ya ammi. Karɓi, ga guda ka manta."