Gayyar Malam Burtu

A wani daji da waya ta riga hanya isowa, Biri ya buɗe zauren hira a waya, ya zuba kowa a ciki, ya naɗa kansa shugaba. Wanda abin ya fi taɓawa shi ne Malam Burtu, mai kawo labarai. Shi sai ya taka ya gani da idonsa, ga tafiyar tasa kamar ta mai ciwon gwiwa. Kafin ya iso an ji labarin, an yi faɗa a kai, har an shirya.

Rannan gyaɗar rumbun jama'a ta ragu. Saƙo ya zagaya cewa Bushiya ce ta sata, kowa na turawa yana cewa, "Ni ma haka aka turo min." Kafin azahar an yanke hukunci: gobe ta kwashi 'ya'yanta ta bar dajin.

Ta zo wurin Burtu tana kuka. "Malam, ka dube ni. Ko da tsani zan kai bakin rumbun nan?"

Tausayi ya kama shi. Daji da faɗi, ƙafa biyu ba za su gama shi kafin gobe ba. Sai ya yi abin da manomi ke yi in gona ta fi ƙarfinsa. Ya rubuta a zaure: "Jama'a, salamu alaikum. Gayya nake kira. Kowa ya kawo abin da idonsa ya gani. Wanda turo masa aka yi, don Allah ya riƙe kayansa."

Zaure ya yi tsit, abin da ba a taɓa gani ba. Can Ƙadangare ya ce, "Ta sama aka buɗe rumbun."

Kurciya ta ce, "Ni dai wutsiya na hango, doguwa."

Tururuwa suka ce, "Mu kam kullum muna samun ɓawon gyaɗa a gindin kanya. Allah ya saka wa mai zubowa."

Burtu ya haɗa bayanan nan wuri ɗaya ya tura, ya ƙara da tambaya guda: "Wa ke kwana a kan kanya?"

Shugaba ne, kowa ya sani. Bushiya ta rangaɗa guɗa, Burtu kuwa daɗi ya hana shi cin abinci.

Da yamma Biri ya rubuta: "'Yan uwa, na yaba da wannan haɗin kai ƙwarai. Bushiya ta zauna, mun yafe mata. Amma saboda zaman lafiya, daga yau shugaba kaɗai zai riƙa tura saƙo."

Tun daga ranar ba a sake jin an saci komai a dajin ba.