Leburan da Ya Yi Tumbi

Mun yi gam da katar da Allah ya ba mu Shugaban Kwamitin Tarihi. Mutum ne mai tausayin talaka, har ba ya iya kallonsa sai ta gilashin mota, don kada zuciyarsa ta karye. Shi ya raɗa wa kansa Garkuwar Marasa Galihu. 'Yan dako kuwa Sha-Inuwa suke ce masa, amma sai ya ba da baya.

Wata rana ya tara 'yan jarida, ya gyara murya.

"An zalunci tarihi," in ji shi. "Lebura ne ya gina ƙasar nan, da mace mai tulu, da ƙananan ƙabilun da aka manta. Ni, da ni kaɗai, zan mayar musu da haƙƙinsu."

Haƙƙin nan mutum-mutumi ne na siminti, a tsakiyar dandalin kasuwa. Aikin farko da aka yi domin karrama mata shi ne tashin matan da ke kasa kaya a wajen. Tsohuwa mai sabulu, wadda tun tana goyo take zaune a nan, ta koma bakin kwata, inda rana ke narkar mata da jari, ciniki kuma ya ƙi biyo ta.

Masassaƙi ya kawo samfuri: lebura da buhu a ka, mace da tulu, da wani masunci daga mutanen bakin kogi. Sha-Inuwa ya zagaya su yana taɓe baki. Ya ce masuncin zai tayar da ƙabilanci, a cire shi saboda haɗin kai. Macen kuma tulu ya wahalar da ita, a bar ta ta huta a gida. Leburan ya rame da yawa, baƙi za su ce ba ma ciyar da mutanenmu, a ƙara masa kumatu da ɗan tumbi. A sauke buhun, alamar bauta ce. A sa masa takalmi da agogo, ya miƙa hannu yana nuna gaba. Masassaƙi bai yi musu ba, linzami ya fi ƙarfin bakin kaza.

Ranar buɗewa aka tsare talakawa bayan igiya, don kada su ɓata hoto. Sha-Inuwa ya yi jawabi kan gumin ma'aikaci, ana yi masa fifita. Da aka yaye ƙyallen, mutum-mutumin ya bayyana. Wani ɗan dako ya dubi simintin, ya dubi mai jawabi, ya ce lallai biri ya yi kama da mutum. Sha-Inuwa ya share ƙwalla, ya ce bai taɓa ganin fuska mai kwarjini irin ta talakan ƙasar nan ba.

Bayan mako guda ya biyo ta wajen don ya gaisa da kansa. Ya tarar matan sun dawo. Sun ɗaure igiyar rumfa a miƙaƙƙen hannun, mai gwanjo ta rataya zannuwa a wuyan mutum-mutumin, tsohuwa mai sabulu ta baje kayanta a ƙarƙashin tumbin, inda rana ba ta kaiwa.

Ya sauke gilashi, ya tambaye ta cikin fushi ko ta san wanda take zaune a gindinsa.

"Na san shi mana, ranka ya daɗe," ta ce, tana jera sabulunta. "Kamarku ɗaya. Sai dai shi ana morarsa."