Rasuwar Lali, Ƙwallon da Man Amma Ya Kashe

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da yatsan da ya rasa abin riƙo, ni Mazhar Leghari na unguwar masu tukwane a birnin Multan nake sanar da 'yan'uwa da abokan wasa rasuwar Lali, jan ƙwallona na wasan kurket, wadda ta cika ranar Talata da hantsi a cikin kwanon miya.

Marigayiya ba kyakkyawa ba ce, kowa ya shaida. Fatarta ta koɗe, gefe guda ya yi kaushi kamar faso. Amma mu masu murɗa ƙwallo da yatsa, wannan kaushin shi ne abincinmu; sabuwa mai sheƙi sai masu jifan ƙarfi. In na sake ta, sai ta ce "firrr" a iska, ta dira, ta karkace, ta bar mai sandar bugu yana dukan banza, sannan ka ji "ƙwas" a jikin itacen da yake karewa a bayansa. Ba ta taɓa kunyata ni ba, ko a ranakun da ni na kunyata ta.

Ciwon ajalinta gajere ne. Mahaifiyata, Amma, ta gan ta a bakin taga, tausayi ya kama ta. A gidanmu duk abin da ya bushe, kan yaro ne ko takalmi, man mustad, man girkinmu, ne maganinsa. Ta tsoma ta a kwanon miya cike da man, ta rufe. Ko da na tsamo ta, ta yi nauyi, ɗinkinta ya saki, tana sulɓewa kamar sabulu. Na shanya ta, na turbuɗa ta a toka, na kai ta wa Ustad Fida mai ɗinkin fata. Ya shinshina, ya ce in kai ta gida a soya albasa da ita. Jifanta na ƙarshe "tuɓ" kawai ta ce, ta tafi miƙe.

To wa zan yi wa faɗa? Amma har yanzu tana tambayata ko 'yar tawa ta yi laushi, ni kuwa ina cewa ta yi, Allah ya saka da alheri. Wallahi ban san yadda zan yi ba.

Ta rasu ta bar ni, da kantar yatsana, da gwajin ƙungiyar lardi ranar Asabar, inda kowa yake zuwa da ƙwallonsa. Masu zaɓen 'yan wasa sun riga sun gaya mini furfura ta fito, wannan ne kirana na ƙarshe.

Za a binne ta ranar Alhamis bayan la'asar, ƙarƙashin mangwaron bayan gida. Akwai shayi da shinkafar biriyani, girkin Amma. Don Allah kada kowa ya gaya mata dalilin taron. Wanda bai samu zuwa ba kada ya damu, ya zo filin gwaji ranar Asabar da safe. Nan za a yi tawa jana'izar.