Farashin Raɗaɗin Alhaji Gali

Duk garin Azare babu wanda ya san doka kamar Alhaji Gali, kuma idan kana shakka shi da kansa zai tabbatar maka. Shekara talatin da ɗaya ya yi a kotu. Gaskiya ne aikinsa ɗaukar fayil ne da kiran sunan masu ƙara a bakin ƙofa, amma kamar yadda yake faɗa, ba a taɓa yanke wani hukunci a ɗakin nan ba sai da ya ratsa ta hammatarsa. A gabansa Barista ake ce masa. A bayansa kuwa Alhaji Sashe, don ko sannu ka yi masa sai ya gaya maka sashen dokar da ya ba ka izini.

Wata ranar kasuwa ya shiga kara, inda ake cinikin shanu. Ba saye ya kai shi ba, ya je ya ga ko ana bin ƙa'ida ne. Nan ya tarar da Jalo, wani Bafulatani daga wajen Bulkachuwa, riƙe da wani jan bijimi. Shi kaɗai ya rage masa, kuma da shi yake haɗawa da na maƙwabcinsa su yi huɗa. Allura ya kawo shi a yi masa.

Alhaji Gali ya ga dillalai sun taru, ya ga dama ta samu. Ya ƙwanƙwasa hancin bijimin da lemarsa sau uku, don ya nuna yadda masana ke gane shekarun sa. Sannan ya juya masa baya ya fuskanci jama'a zai yi bayani. Bijimin bai jira bayanin ba. Ya sa ƙaho ya ɗaga shekara talatin da ɗaya na ƙwarewa, ya ajiye su cikin kashin shanu.

Fulani na tsaye, sanduna a kafaɗa, suna kallo irin na mutanen da ba sa ganin girman mai raki. Alhaji ya miƙe, ya nemo hularsa.

"Kowa ya kwantar da hankalinsa," in ji shi. "Cizon cinnaka ya fi wannan."

Ɗinki tara aka yi wa cizon cinnakan, a daidai inda mutum ke zama.

Mako biyu 'yan dubiya na zarya. Suna yin sallama sai ya kafa hula, ya dogara da gwiwar hannu, ya ba su labarin yadda ya hana a yi masa allurar kashe zafi. Da safe kuwa, idan malamin asibiti ya zo wankin ciwo, sai ya umarci matarsa Hajiya Suwaiba ta tayar da injin markaɗenta, ko da babu mai niƙa.

'Yan kara suna da tsohuwar ƙa'ida. Dabbarka ta ji wa mutum rauni, kai za ka biya magani ko nawa ne. Amma raɗaɗi, tunda ba a auna shi a mudu, an sa masa iyaka: akuya ɗaya, kuma sai wani ya shaida an sha wuya. Jalo ya biya kuɗin magani. Alhaji Gali ya ce bai san zancen akuya ba, bijimin yake so.

Aka zauna a rumfar Malam Kashim, shugaban 'yan kara. Kowa ya sami tabarma. Alhaji shi kaɗai ya tsaya, ya ce girmama zaman shari'a ne. Jalo na gefe, igiyar bijimin naɗe a hannunsa. Damina saura wata guda.

"Jama'a, raɗaɗi mataki-mataki ne, kamar albashi," Alhaji ya fara. "Ɗan dako idan sa ya soke shi, fata ce kawai ta ji. Ni kuwa fata ta ji, muƙami ya ji, ilimi ya ji. Wane ne ya isa ya sa wa zafin babban mutum iyaka? A ƙasashen da suka ci gaba lauyoyi na can suna yaƙi da irin wannan iyakar. Ni ba don kaina nake yi ba. Don na baya nake yi. A cire ta yau, a miƙo min igiya."

Malam Kashim ya gyara zama. "Mun ji, Barista. Kafin mu kai ga sa, bari mu fara da akuyar. Wa ya shaida ka sha wuya?"

Dillalin farko ya ce shi dai cinnaka ya ji an ambata. Na biyu ya ce da ya je dubiya, Barista ya gaya masa yana karanta jarida aka yi ɗinkin. Limamin unguwa ya ce shi kam har ya kawo misali da haƙurinsa a wa'azi. Duk gaskiya suka faɗa, kuma duk daga bakinsa suka ji ta.

"To a kira Hajiya," in ji Malam Kashim. Aka buga mata waya, aka buɗe murya kowa na ji.

"Zafi?" in ji Hajiya Suwaiba. "Malam Kashim, ai ni ce shaida. Inna yake kira, Allah ya jiƙanta, shekara ashirin da rasuwa. Duk ƙarar injina ana jinsa. Na ma ɗauki muryar na tura wa 'yarmu Khaulat don ta zo ta duba shi. In turo muku?"

Alhaji Gali ya yi lissafi da sauri. Muryar nan idan ta shiga wayar dillali ɗaya, kafin la'asar ta kai Gamawa, gobe kuma masu acaba su mai da ita kiɗan kiran waya. Ya dubi bijimin. Ya dubi wayar. Ya miƙa hannu ya kashe ta.

"Hajiya ba ta bambance kuka da zikiri," in ji shi. "A shaida ban ji komai ba. Ko ɗis."

"To madalla," in ji Malam Kashim. "Inda babu zafi, babu akuya. Jalo, ja sanka."

Jalo ya sassauta igiyar da ta yi masa shati a hannu. Ya matso, ya rusuna, fuskarsa ba alamar wasa.

"Alhaji, wallahi ka burge mu. Mu a wurinmu wanda ba ya jin zafi ba a barinsa a gida. Bayan kaka muna da sharo, inda maza ke tuɓe riga a zuba musu bulala suna dariya. Kai za ka buɗe mana fili."

Rumfa ta ɗauki kabbara. Liman ya ce zai je. Dillalai suka ce su za su ɗauki hayar mota. Alhaji Gali ya ɗaga hannu yana amsa gaisuwa kamar wanda ya ci zaɓe, har hayaniya ta lafa. Sannan ya ja Jalo gefe, ya rage murya.

"Malam Jalo, don sanin doka kawai nake tambaya. Ita bulalar, akwai adadin da ba a wucewa?"

"A'a, Alhaji," in ji Jalo. "Wannan kam ba mu sa mata iyaka ba."