Rahoton Manniru a kan Fitilar Motar Oga

"Ni fa Turancina ba na kame-kame ba ne," in ji Manniru direba, yana bugun ƙirji a inuwar da direbobin kamfaninsu ke zama a Jabi. "Naku jimla nan, jimla can, kamar awaki ba makiyayi. Nawa a ɗaure yake tamau!"

Igiyar ɗaurin kuwa, ɗan'uwa, 'yan kalmomin jera lokaci ne da ya haddace a waya makon jiya. Tun daga nan ba wanda ya huta, ko gaisuwa sai ya cusa mata meanwhile. Har suka sa masa Farfesan Sitiyari, shi kuwa yana amsawa.

Ran nan sai ga fitilar motar Oga da yake tuƙawa a fashe. Madam Serah mai kula da ma'aikata ta ce ya rubuto yadda aka yi, in laifinsa ne, a bakin aikinsa.

"Layi ɗaya ya isa," Lukmanu abokin aikinsa ya raɗa masa. "Ka ce rago ya tunkuye ta, ka sa hannu."

"Layi ɗaya? Ni? Sai ka ce ɗan firamare!"

Ya rubuta cewa rago ya tunkuyi fitila. Ya duba, jimla tsirara, abin kunya. Ya ɗora mata before that. To ita wannan sai an faɗa mata abin da ya faru kafin nan, don haka ya rubuta cewa shi ya sauko da ragon daga but ɗin motar a Dei-Dei. Daɗi ya kwashe shi, ya ƙara wata: ragon na wani fasinja ne, cikin mutum biyar ɗin da ya kwasa a Karmo.

Saura meanwhile, 'yar lelensa, mai neman abin da ke faruwa a daidai lokacin. Gogan ya ciji biro, ya yi murmushi, ya zuba: Oga na tsaye a filin jirgi yana ta kiransa a waya.

Madam Serah ta karanta sau biyu, ta cire tabarau.

"Manniru, ba kai ya ce wa Oga taya ya yi faci ba?"

"Madam, bar wannan. Kin ga yadda ya haɗu?"

"Ya haɗu well well. Amma akwai ɗaya da ba su koya maka."

Ya matso jiki na rawa, ya zaro biro. "Faɗi, Madam, in ƙara!"

"As from today," ta ce, ta miƙo hannu. "Kawo key."