Hular Dawit

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na ƙwace wa wani yaro hula, ni da na yi shekara talatin ina hedimasta a Kudancin Kaduna ba tare da an taɓa kama ni da kuskure ba (ko dai ba wanda ya yi ƙarfin halin faɗa mini).

Da 'yata Rifkatu, wadda take aikin nas, ta ɗauko ni zuwa Takoma Park a Amurka, zaman banza ya ishe ni, sai na soma koya wa 'ya'yan baƙi lissafi da yamma a wani ɗakin taro na unguwa. Dokokina su ne waɗanda 'yan mishan suka raine mu da su: ba cingam, ba jingina, kuma namiji ba ya zama a aji da hula a kansa.

Wata Talata aka kawo sabon ɗalibi, Dawit, ɗan shekara tara, wanda bai daɗe da zuwa daga Habasha ba. A tsakiyar kansa akwai wata 'yar hula da ba ta fi murfin kofi ba. Na umarce shi ya cire, ya girgiza kai. Na maimaita, ya sunkuya. Sai na sa hannu na cire da kaina, na jefa a aljihun tebur tare da cingam ɗin da na ƙwace, na kuma yi wa ajin gajeren jawabi a kan ladabi a gaban Allah da manya.

Yaron bai yi kuka ba. Tafin hannunsa na hagu ya ɗora a inda hular take, ya yi ta rubutu da dama har aka tashi. Lissafinsa duka daidai ne, amma na rage masa maki biyu saboda zaman da bai dace ba.

Da aka tashi uwarsa ta zo ɗaukarsa tare da Rifkatu, don asibiti ɗaya suke aiki. Tun daga ƙofa uwar ta rusuna tana yi mini godiya. Ta ce a motar makaranta kullum yara suna fizge masa hula suna jifa da ita, har ya fara cewa ba zai ƙara fita ba. Ta kawo shi wurina ne domin Rifkatu ta tabbatar mata cewa a ajina ba mai taɓa shi.

Sai ta hango hannunsa a ka.

Rifkatu ta matso, ta ce da Hausa, a hankali: “Baba, Bayahude ne. Don girmama Allah yake sa ta.”

Abin da ya fito daga bakina, ni da na koyar da Tsohon Alkawari tun kafin a haife ta, shi ne: “Amma ai baƙar fata ne.”

Na buɗe aljihun tebur. Cingam ya manne a hular. Na tsaya a gaban uwa da ɗa ina ɓamɓare shi da farce, ina neman gafara da irin Turancin da nake hukunta yara a kansa.

Dawit ya dawo ranar Alhamis, ya tarar da ni sanye da hulata ta zuwa biki, makinsa biyu kuma sun koma. Tun daga nan, kafin in cire wani abu daga kan mutum, nakan fara tambayar wanda ya sa shi ya ɗora.