Takardar Furofesa Sati-Uku

Duk Damagaram babu mai ilimin Mushe Alkasum, mushen Faransanci mai nufin malam, kuma shi da kansa ya tabbatar da haka. Sati uku ya yi a Faransi yana sitaj, wato ɗan kwas na horo, ya dawo da ƙaton tabarau da wata takarda mai faɗin tabarma. Abokan aikinsa na asibiti suka laƙaba masa Furofesa Sati-Uku. Rabin farko kawai yake ji, ya amsa.

A takardar an zana wani abu mai lanƙwashe-lanƙwashe, ja da shuɗi, kamar hanjin akuya. Wai ɓangaren furotin ne da ke karɓar sitokin, saƙon garkuwar jiki, ya miƙa shi cikin ƙwayar halitta.

Shekarar fari, ƙyanda ta shiga ƙauyen Hamdara. Aka tura shi rigakafi tare da Lidiya, ma'aikaciyar jinya. Makiyaya sun sassabe rassan itatuwa don dabbobi, inuwa ɗaya ta rage, rumfar mai gari. Furofesa ya shige da kujerarsa. Akwatin maganin ya bar wa rana.

"Mushe, ƙanƙara tana narkewa," in ji Lidiya. "In ya ɗumama ya lalace, yara sittin ne fa."

"Madam, jahilci ya fi ƙyanda kisa. Ba a taɓa yaro sai uwarsa ta fahimci sitokin!"

Ya baje takarda, ya gyara murya. Mata na goye da 'ya'ya, suna kallo. Wata tsohuwa ta tambaya ko ana dafa abin.

Lidiya ta leƙa akwati, ruwa ya fara kwanciya. Ta rusuna.

"Ranka ya daɗe, na baya ba sa gani. Bari a ɗaga musu ita a fili."

Daɗi ya kama shi. Mata biyu suka riƙe takardar sama, daidai kan akwatin. Ya juya baya yana nuni da sanda, Lidiya ta durƙusa a inuwar ilimi tana tsira allura. Da ya ji kukan yara, sai ya ce ko jarirai abin ya ratsa su.

Kafin ya kai jan zane na biyu, an gama da sittin.

Mai gari ya kama hannunsa. "Malam, takardar nan taka akwai albarka."

Furofesa ya kumbura. "Wane sashe ya fi shiga ranka?"

"Kaurinta. Rana ba ta ratsa ta ko kaɗan."